Tattakin Masu Albasa

Shafi na 27

Assalamu alaikum jama'ata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban fito da Hafizu daga tsare ba za ta daina karatu. 'Yar uwa ki yi haƙuri, ba ni na kulle shi ba. Waɗanda suka same mu a hanya, ga inda muke: Alhaji Mainasara mai neman kujerar majalisa ya zagaye fadamar Tsamiyar Kabo da wayar shinge ya ce tasa ce, albasar mutane ta bushe a ciki suna ji suna gani. Yau Laraba alƙali zai saurari ƙarar a Daura, mutanen gari kuma sun yi alkawarin takawa da ƙafa har ƙofar kotu. Saura kwana goma sha takwas zaɓe. Bismillah.

*

Haulatu ta kasa zama.

Ta leƙa ƙofar zaure, ta dawo, ta sake leƙawa. Ko bakwai ba ta yi ba amma filin firamaren da take koyarwa ya kusa cika. Maza gefe, mata gefe, kowa riƙe da damin busasshiyar albasa da ya zaro ta ƙarƙashin waya. Haka aka yi yarjejeniya. Ba sanda, ba zagi, albasar kawai za a ɗaga.

"Ke 'yar nan ki zauna, kina sa ni jiri," in ji Inna Zinariya, shugabar mata, tana ƙara ɗaure ɗamararta.

"Inna ba zan iya ba."

Mahaifinta Malam Kalilu, shugaban kwamiti, yana kan buzu. Kokon da aka kawo masa ya huce har ya yi fata. Tun da ya dawo daga sallar asuba carbi kawai yake ja. Haulatu ta ɗauka tunanin ƙanenta Hafizu ne, wanda yau kwanansa arba'in da ɗaya a tsare kan zargin yanke wayar Mainasara.

Ikrima ya faɗo zauren ko sallamar kirki babu. Shi ne shugaban matasa, ɗan wan babanta.

"Yaya Haulatu, yarana sun tara taya goma sha biyu a bayan masallaci. Ki bar mu mu tare hanyar Mai'adua, ko na awa ɗaya ne."

"Mun gama wannan maganar."

"Ba mu gama ba! Wata huɗu muna rubuta takarda. Wa ya karanta? Amma bari motocin shanu su tsaya cak, kafin azahar kowa ya san da zamanmu."

"Su san da zamanmu a matsayin me?" Ta juyo ta fuskance shi. "Taya ɗaya ka ƙona, labari ya tashi daga na fadama ya koma na taya. Mainasara ba ya tsoron hayaƙi, Ikrima. Abin da ke hana shi barci shi ne mutum ɗari biyar masu katin zaɓe su ratsa Daura shiru, masu shago suna fitowa suna tambaya, su waye waɗannan, me aka yi musu. Jam'iyyarsa ma ta gani. Wannan ne ba ya so."

"Shiru dai, shiru dai! Da shirun aka ci mu."

Ƙarar babur ce ta katse su. Ya tsaya a ƙofar zaure da ƙarfi, mai shi ko jingine shi da kyau bai yi ba.

"Salamu alaikum. Malam yana ciki?"

Arinze ne. Shekara goma sha tara yana sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa a Daura, da wuya a sami inji a fadamar nan da babu ƙarfensa a jiki. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Amma yau idanunsa jajur.

"Oga Arinze lafiya? Shigo," in ji Inna Zinariya.

Bai zauna ba.

"Inna ba lafiya. Ku rufe ƙofar nan."

Haulatu ta ja ƙyauren.

"Jiya da la'asar wani matashi ya zo shagona. Ba zan faɗi sunansa ba, na yi masa alkawari. Shekara uku da suka wuce mota ta buge uwarsa a gaban shagona, ni na kai ta asibiti. Ya ce min, Oga, gobe kada ka buɗe, ka kwashe madam da yara ku bar layin."

"Saboda me?"

"An ba su fetur. An ce su zo nan da sassafe, su ɗauki albasa kamar kowa, su shige cikinku. Idan kun iso layinmu na masu kayan gyara, su yi kabbara su cinna wuta."

Inna Zinariya ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Kafin la'asar rediyo zai ce mutanen Tsamiyar Kabo sun ƙona shagunan Kirista." Arinze ya share goshi da bayan hannu. "Kun san yadda ƙasar nan take tun da aka fara maganar shari'ar Musulunci. A nan Daura ba wanda ya taɓa ɗaga min yatsa. Amma in wutar nan ta tashi, ba a layinmu za ta tsaya ba. Kuma ba wanda zai ƙara tambayar fadama."

"Me ya hana ka zuwa tun jiya?" Ikrima ya tambaya.

"Tsoro. Matata Nneamaka ta haɗa jaka, ta ce mu bi motar farko. Na rasa wanda zan yarda da shi. Da gari ya waye na kai su gidan maƙwabcina Alhaji Amadu, na hau babur."

Haulatu ba ta ji ƙarshen maganar ba.

"Oga Arinze, tsaya. Ta layinku ya ce za mu bi?"

"Ta layinmu."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Malama. Ya ce ba ta babban titi ba."

Ta juya a hankali ta dubi sauran ukun.

"Shekaranjiya muka canza hanya. A zauren nan. Mu huɗu. Muka ce ba za a faɗa wa kowa ba sai an isa bakin gari. Mutanen da ke fili har yanzu sun ɗauka babban titi za a bi."

Daga waje ana jiyo hayaniyar mata da kukan wani jariri.

Inna Zinariya ce ta fara ɗaga yatsa.

"Kai Ikrima. Ina ka je jiya da hantsi?"

"Ni?"

"Kai fa. An gan ka a gidan man Mainasara."

"Mai na sha! Akwai wani gidan man a hanyar nan ne?"

"Tun farko kai ke kiran a ƙona, a ƙona. Ashe da abin da ka taka."

"Inna!" Ikrima ya yi tsalle kamar an ɗana masa garwashi. "Ni? Ni da aka fasa wa kai a bakin waya? Lambun ubana yana ciki! Hafizu tare muka tashi, kwano ɗaya!"

"Ikrima ka rage murya, za a ji a waje," in ji Haulatu.

"A ji mana! Ke ma kin yarda ke nan? Kalle ni Yaya Haulatu, kin yarda?"

Ta kau da ido. Hakan ya fi zargin Inna yi masa ciwo. Ya waiga, ya hango Alƙur'ani a kan alkukin bango, ya nufe shi.

"Da alwalata. Zan dafa. In ni ne, kada Allah Ya kai ni azahar."

"Bar shi."

Malam Kalilu ne ya yi magana. Kansa a sunkuye.

"Baba Malam ku bar ni in wanke kaina!"

"Na ce ka bar shi. Ba kai ba ne." Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi kan buzu. "Ni ne."

Haulatu ta ja da baya. Ta dafa bango.

"Baba... me kuka ce?"

"Ni na faɗa masa."

"Wa?"

"Mainasara."

Inna Zinariya ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe kai da hannu biyu.

"Malam Kalilu? Kai da ka tara mu? Kai da ka karanta mana ayar zalunci a filin can har maza suka yi kuka?"

"Ranar Litinin na je ganin Hafizu." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Haulatu ban faɗa miki yadda na same shi ba. Zazzaɓi ya cinye shi. Sai da aka riƙo shi ya iya tsayawa. Ya ce min, Baba, in na mutu a nan ku kai ni kusa da Inna. Uwarku yake nufi."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Jiya da safe na je gidan Mainasara. Na cire hulata na ajiye a gabansa. Ya ce zai janye ƙarar yaron ranar Alhamis. Ya ce ba ya neman mu fasa tattaki, haƙƙinmu ne. Abu ɗaya yake so, shi ma yana da taron siyasa yau, kada motocinsa su yi kiciɓis da mu a samu matsala. In faɗa masa hanyar da za mu bi, ya kauce mana."

"Kuma kuka yarda?" in ji Haulatu.

"Na so in yarda." Ya ɗago, ya dubi Arinze. "Wallahi ban san da fetur ba. Arinze, wallahil azim ban sani ba."

Arinze ya kau da kai.

"Malam, 'ya'yana uku suke kwana a bayan shagon nan."

Tsohon ya rufe fuska da babbar rigarsa.

Ikrima ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?" Haulatu ta sha gabansa.

"Fili. Mutane su san wanda suke bi."

"Ba ka isa ba."

"Minti biyar da suka wuce ni ne maci amana! Da ni ne da tuni kun kira mutane a kaina. Don shi ubanki ne?"

"Ubana ne, kuma ƙanen ubanka ne. Amma ba don haka ba." Ta buɗe hannuwa ta tare ƙyauren. "Ka fita ka faɗa yanzu, rabi su koma gida, rabi su zo su rushe zauren nan. Ƙarfe goma alƙali ya zauna, ya duba, ba kowa. Lauyan Mainasara ya miƙe ya ce, ina masu fadamar? Shi ke nan an gama."

"Gaskiyarta," in ji Inna Zinariya tana miƙewa da ƙyar. "Ikrima na zalunce ka, ka yafe min. Amma gaskiyarta."

"A fasa," Malam Kalilu ya ce daga cikin riga. "Ku fita ku ce a fasa. Kada a zubar da jini a dalilina."

"In mun fasa sun ci riba biyu," in ji Haulatu. "Fadama ta tafi, kuma fetur yana hannunsu. Wa ya ce ba za su ƙona ba su ce mu ne?"

Arinze ya gyara tsayuwa.

"Ni ban zo in ce ku fasa ba. In lambu ya mutu, shagona ya mutu ko ba wuta. Wa zai sayi kayan inji?"

Haulatu ta zuba masa ido. Ta fara zagaye zauren, tana tafiya tana magana, kamar tana gaban allo.

"Hanya dai mun koma babban titi, ba za mu kusanci layinku ba. Oga Arinze, kana da kati a wayarka?"

"Akwai."

"Kira mutanenku. Kowa ya rufe shago. Ka roƙi Alhaji Amadu ya tara dattawan unguwa su shimfiɗa tabarma a bakin layin su zauna. Ba wanda zai tsallake farin gemu da galan a hannu, rana tsaka, kowa na kallo."

"Zai yi. Mutumin kirki ne."

"Sannan..." ta matso kusa da shi. "Za ka iya tafiya da mu?"

"Ni?"

"A sahun gaba. Kai da duk wanda ya yarda a cikinku, su tare mu a bakin gari. In aka gan ku a tsakiyarmu, ƙaryar addini ta mutu tun ba a haife ta ba."

Arinze ya dubi ƙofa, ya dubi wayarsa.

"Nneamaka za ta kashe ni," ya ce. "A ba ni albasa."

"To waɗanda suka riga suka shige cikin mutane fa?" Ikrima ya tambaya, har yanzu yana huci. "Filin nan akwai 'yan ƙauyuka huɗu. Ba kowa na sani ba."

"Kai ba ka san kowa ba," in ji Inna Zinariya, "amma kowa ya san wanda ke iyaka da shi. Shekara nawa ana faɗa kan ruwa?"

Haulatu ta tafa hannu.

"Shi ke nan Inna! Ba wanda zai yi tafiya shi kaɗai. Kowa ya nemo maƙwabcinsa na lambu su jeru bibbiyu, maza da maza, mata da mata. Wanda ya rasa mai riƙe hannunsa, ba namu ba ne."

"In mun gan su fa?"

"A bar su a tsaye. Mu wuce."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Ikrima, ka ba ni alkawari."

Ya cije leɓe. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta ɗauki hularsa da ta karkace ta gyara masa.

"Baba ku tashi. Ku za ku shiga gaba, kamar yadda aka tsara."

"Da wane ido?"

"Da wanda kuka je gidan Mainasara da shi." Ta ɗauko carbin ta damƙa masa. "In an tashi daga kotu, ku da bakinku za ku faɗa wa mutane. Ba ni ba, ba Ikrima ba. Amma yanzu ku tashi."

"Hafizu fa? In Mainasara ya ga an canza hanya, ya san na..."

"Na sani Baba."

Ta kama hannunsa ta miƙar da shi.

*

Rana ta riga ta fara zafi lokacin da suka iso fili. Haulatu ta hau kan bencin 'yan aji shida, ta karɓi lasifika.

"Jama'a salamu alaikum! Kafin mu tashi, kowa ya nemi wanda lambunsa ke jikin nasa. Ku riƙe hannu. Ko kun yi shekara ba ku magana, yau dai ku riƙe!"

Aka yi dariya. Fili ya hargitse, ana kiran sunaye.

"Kabo! Ina Kabo mai tumatir?"

"Adama zo nan, ke da kike sace min ruwa!"

Wasu tsofaffi biyu da suka taɓa kai juna gaban mai gari kan kunyar lambu ɗaya suka kama hannu, kowa ya kau da fuska. Sahu ya fara miƙewa, bibbiyu, daga bakin rijiya har bayan ajujuwa. Arinze ya tsaya kusa da Malam Kalilu a gaba, da albasarsa a hannu. Mutane suna nuna shi suna raɗa, wasu suna ɗaga masa hannu.

Haulatu ba sahun take kallo ba. Gefe take kallo.

A hankali tsakiyar fili ya yashe.

Suka rage su bakwai a gindin dalbejiya.

Samari ne, kowa da damin albasa. Biyu daga cikinsu da buhu a saɓe, buhun kuma bai kwanta yadda buhun albasa ke kwanciya ba. Suna waige-waige. Ɗaya ya matsa zai kama hannun wani dattijo, dattijon ya fizge.

"Kai ɗan wane ne? Ban san ka ba."

Maganar ta bi sahu kamar an watsa ruwa.

"Su waye waɗancan?"

"Ba 'yan nan ba ne."

"Ku ji! Warin fetur!"

"Kowa ya tsaya a sahunsa!" Haulatu ta ɗaga murya a lasifika. "Kada wanda ya saki hannu! Baba ku fara tafiya! Inna ku ja mata!"

Sahun gaba ya motsa. Na baya bai motsa ba.

Matasan Ikrima sun saki hannun juna. Ɗaya ya sunkuya ya ɗauki dutse. Wani ya zare ƙotar fartanya daga cikin zana. Kafin ta sauko daga benci sun yi wa dalbejiyar zobe, sun fi su talatin.

Ta jefar da lasifikar ta ruga, hijabinta na harɗe mata ƙafa.

"Ikrima! Ikrima kada ka yi!"

Ya riga ya fizge buhu ɗaya ya zazzage. Galan biyu suka gangaro ƙasa, murfin ɗaya ya fice, fetur ya fara bin rairayi.

"Kun gani?" ya daka tsawa. "Kun ga abin da aka aiko a yi da sunanmu?"

Fili ya ɗauki ihu.

Haulatu ta kutsa ta tsakiyarsu, wani ya bangaje ta, ta tashi, ta shiga tsakanin Ikrima da babban cikin baƙin, wani dogo mai tabo a haɓa. Ikrima ya riga ya karɓe ƙotar, tana sama a hannunsa. Ta kama damtsensa da hannu biyu ta rataya.

"Don girman Allah! Ka taɓa shi mun faɗi! Ikrima mun faɗi!"

"Sake ni Yaya Haulatu!"

"Sai dai ka fara da ni!"

Abin da ya tsorata ta, dogon bai ja da baya ba. Sauran shidan sun maƙale a jikin bishiya suna rawar jiki, shi kuwa ko gezau. Kallon bayanta yake, wajen titi.

Ta waiga.

Farar mota ce ta tsaya a bakin makaranta, ba ta san lokacin da ta iso ba. Gilashin baya a sauke. Wani mutum ya ɗora kamara a kafaɗa, ya saita ta daidai gindin dalbejiya.

Dogon ya jefar da albasar hannunsa. Ya matso taku ɗaya, ya cire hula, ya miƙa wa Ikrima tsakiyar kansa.

"Doka mana, shugaban matasa," ya ce a hankali, yana murmushi. "In wuta ba ta samu ba, an ce jini ma ya isa."

Haulatu ta ji damtsen Ikrima yana zamewa daga hannunta.